Kaka da Waken Shaida

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Maraɗi, ban cika cin abinci a zaune ba. Noma nake karanta. Da safe darasi, da rana aikin gwaji a gonar makaranta, ranar da babu darasi kuma ina istaj, wato koyon aiki, a wani buro, ofishin da ke aiki da manoma, inda babban aikina shi ne jera kujeru da rubuta sunayen waɗanda suka zo taro. A kan wannan duka aka ɗora mana memuwar, wato littafin binciken da kowane ɗalibi zai rubuta, ya tsaya gaban malamai ya kare shi, kafin a ce ya gama.

A gidan Gwaggo nake zaune, ƙanwar babana, wadda ke ɗinkin kayan mata a tsakar gidanta. Da ta lura ina ficewa da safe ba tare da na karya ba, ba ta yi mini faɗa ba. Sai ta ɗauki jakar takarduna ta ɗora a kan kujerar ɗinki ta zauna a kanta. Duk safiya haka: kofin kunu a hannuna, ita tana taka keke tana kallon zare, ba ta tashi sai ta ga gindin kofin. Na yi roƙo, na nuna mata agogo, na ce malami zai rufe ƙofa. Ta ce malamin ma da kunu a cikinsa ya zo.

Bincikena a kan ajiyar wake ne. A wajenmu, ƙauyukan kewayen Urafane, kowa ya san yadda abin yake: ka girbe wake mai kyau, ka ajiye, kafin bazara ƙwari sun huda shi sun mai da rabinsa gari. Malamin da ke duba aikina, wani gajeren mutum mai tabarau wanda ba mu taɓa ganin haƙoransa ba, ya ce ba ya son gwajin ɗakin makaranta. A ɗakin manomi za a yi, da waken manomi. Tukwane huɗu: ɗaya a gauraya waken da toka, ɗaya da rairayi, ɗaya da ganyen bedi, wato dogon yaro, ta huɗu kuma a bar ta haka nan ba a sa mata komai. Wannan ta huɗun ita Faransanci ke kira temuwan, shaida ke nan, don da ita ake auna sauran. Kowane mako a ɗebi ƙwaya ɗari daga kowace tukunya, a ware masu huji.

Matsalar ita ce ni ba ni da ranar zuwa gida kowane mako. Baba ya ba ni waken daga gonarsa, amma da an gama girbi ya tafi cin rani. Innata aikin gida ya ishe ta. Ina zaune a tsakar gidanmu a ƙauye ina ta lissafin yadda zan yi, sai Kaka, mahaifiyar innata, ta aiko a kira mata maigidanta. Haka take kirana tun ina rarrafe, ni kuma in ce mata amarya.

Na same ta a sashenta tana ba awaki harawa. Ta ce miji ya yi wata uku bai leƙo ba, ya dawo babu goro babu sabulu, sai tukwane. Duk da haka, ta ce, a kawo su ɗakinta, ita ba ta zuwa ko'ina.

Na jera tukwanen a bayan gadonta, na yi mata bayani ɗaya bayan ɗaya. Toka ta gane, rairayi ta gane, ganyen bedi ta taɓe baki amma ta gane. Da muka zo kan ta huɗu ta tambayi abin da za a sa mata.

"Ba a sa mata komi, Kaka."

"To mi za ta yi?"

"Za ta zauna ƙwari su ci, mu ga iyakar cin da za su yi."

Ta dube ni, ta dubi tukunyar, ta sake dubana. Sannan ta tambaye ni shekara nawa ke nan ina lakkol, wato makarantar boko. Na faɗa mata. Ta ce Allah shi kyauta, ta ci gaba da harkar awakinta. Ni a wautata na ɗauka yarda ce.

Kaka ba ta rubutu, don haka muka yi dabara. Ta yago tsummoki kala huɗu daga tsoffin zannuwanta: baƙi na toka, fari na rairayi, tsanwa na bedi, ja na shaida. Duk mako za ta ƙirga ɗari-ɗari, ta ware masu huji, ta ƙulle na kowace tukunya a tsummansa. Ni idan sun iso sai in kwance in ƙirga in rubuta a kaye, littafin rubutuna.

Mai kawo su kuwa Kawu ne, ɗanta, ƙanen innata. Yana da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da yake bin kasuwanni da ita, Urafane, Tasawa, Mayahi, sau ɗaya a mako kuma ya shigo Maraɗi. Motar ba ta tashi sai an tura, kuma fasinja ne ke turawa, shi yana ciki yana ba su ƙwarin gwiwa. Tun ranar da ya ji abin da nake yi ya raɗa mini suna lokotoron wake, wai likitan wake. Ƙulle-ƙullen nan huɗu ba ya yarda su shiga cikin kaya. A aljihun gaban rigarsa yake sa su, ya kuma sanar da duk wanda ke cikin mota cewa yau yana ɗauke da kayan bincike, kowa ya zauna da hankalinsa. Wata mata da ta sauka a ƙofar gidanmu ta taɓa tambayata ko ni ne mai maganin da aka kawo, don ƙafarta na ciwo.

Ba tsummoki kaɗai ke zuwa ba. Wani mako da ƙuli-ƙuli, wani mako da cuku wanda wata ƙawar Kaka makiyayiya ke kawo mata, ita kuma ta hana bakinta ta aiko mini. Akwai kuma saƙon murya da Kawu ke ɗauka a wayarsa. Kaka takan fara da gaida ni, ta gaida Gwaggo, ta gaida malamaina da ba ta sani ba, ta ba ni labarin akuyar da ta haifi biyu da wadda ta ci wa maƙwabta zogale, sai can ƙarshe, Kawu na cewa caji zai ƙare, ta ce wake na nan lahiya. Nakan saurara ina tafiya, ina tsallake gaisuwar don in kai ga waken. Yanzu da nake tunawa, wannan tsallakewar na cikin abubuwan da nake jin kunyarsu.

A lokacin ne kuma Gwaggo ta shiga wani hali da ban gane kansa ba. Duk ranar da ta dafa shinkafa da wake sai ta ajiye mini kwano ta ce in ci da haƙuri, waken kasuwa ne, tunda su ba su da ɗan'uwa mai gona. Na san da Baba take, amma ban san laifinsa ba, kuma ba ni da lokacin bincike biyu.

Makonni suka yi ta tafiya. Ƙullin tsanwa ya fara kumbura, baƙi da fari suna nan ƙanana, yadda littattafai suka ce. Jan ƙulli kuwa, wanda ya kamata ya fi kowa girma, wani mako ƙwaya biyu, wani mako ɗaya, wani mako tsumma ne kawai aka ƙulle a kan iska. Na ce sanyi ne ya hana ƙwarin motsi. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, jan ƙulli bai ƙara ko ƙwaya ba.

Maimakon in tsorata, sai na fara jin daɗi a ɓoye. Na zuba lissafin a ordinater, wato kwamfuta, layin shaida ya kwanta a ƙasa shamɓal. Na soma raya wa kaina cewa na gano abin da manyan masana suka kwana a kai ba su gani ba: wataƙila taɓa waken ne ke jawo ƙwari, wataƙila barinsa shi ne magani. Har na fara tsara yadda zan amsa tambayoyi in an kira ni gidan rediyo. Ina wanka ina gwada murya.

Na kai wa malamina takardar ina ƙoƙarin ɓoye murmushi. Ya daɗe yana kallonta. Bai ce komai game da layin ba, sai ya tambaye ni wa ke tsaron tukwanen. Na ce kakata. Ya tambaya ko ta taɓa noma. Na ce tun kafin a haifi innata. Ya miƙo mini takardar ya ce in je in gaishe ta.

Ban je ba. Na ce ina da jarrabawa biyu a makon, ina na ga ranar tafiya. Na jira ranar kasuwar Urafane, lokacin da na san Kawu na gida, na kira wayarsa na ce ya ba ni Kaka. Bayan gaisuwa na tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tukunyar jan tsumma. Ko ɓoyewa ba ta yi ba. Ta ce tana taɓawa mana, duk mako ma, kuma in zo in ga yadda waken ya yi kyau, ya fi na sauran ukun.

Abin da na ce mata ba zan maimaita shi duka ba. Na ɗaga murya. Na ce ta ɓata mini aikin wata biyar, na ce da na sani da ban ba wanda bai san karatu ba. Sai ta ce akuya ta shiga ɗaki, ta miƙa wa Kawu wayarsa.

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya a bayana. Gwaggo ba ta taɓa tsayar da keke a tsakiyar layi ba sai ranar. Ta tambaye ni ƙwaya nawa tsohuwar ke ƙirgawa duk mako. Na ce ɗari huɗu. Ta tambaya ko na san cewa shekara uku ke nan sai an zura wa Kaka zare a allura. Na ce ban sani ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da faifai da kwanon wake, ta zube a gabana.

"Ƙirga ɗari huɗu. Ka juya kowace ƙwaya ka duba huji. In ka gama sai mu yi magana."

Na zauna na fara. Wajen ɗari da hamsin na ɓata lissafi na koma farko. Wuyana ya ƙage, idona ya fara ruwa, ga shi ni da idon saurayi, a tsakar gida da rana tsaka. Kafin in gama na riga na san abin da za ta ce, ita ma ta san na sani. Ta dai ƙulla mini goro da sabulu biyu a leda, ta ajiye a kan jakata.

Washegari na yi abin da ban taɓa yi ba tun shigata jami'a, na bar darasi. Na shiga mota zuwa Tasawa, daga can na samu mai babur ya ƙarasa da ni. Na isa gida rana ta take. Tun daga bakin danga na hango abin da ya rushe mini bincike: waken shaida a baje a kan wani tsohon kwanon rufi, yana shan rana, fari tas kamar jiya aka sussuke shi. Kaka na zaune a inuwar rumbu da doguwar sanda tana korar kaji.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon kaji. Na ajiye ledar a gabanta, na ce na zo ba da haƙuri, bakina ya yi abin da bai kamata ba. Ta buɗe ledar, ta shinshina sabulun, ta ce aƙalla miji ya fara hankali. Sannan ta gyara zama.

"Na so in bi maganarka," in ji ta. "Mako biyu ban taɓa ta ba. Ran nan na buɗe na ga sun soma. Na rufe na kwanta, ina jin su a kunnena suna ci. Ni na ga shekarar da muka tankaɗe ƙasar rumbu muna neman abin da za mu sa a tukunya, innarka na goye a bayana. Ba ni iya zama ɗaki guda da abinci ina kallo shina lalacewa, ko takarda ce ta ce."

Na zauna kusa da ita a ƙasa, na karɓi sandar, na kori kaji na wani lokaci. Ta ce ba haka ake yi ba, ina tsorata su su watsa waken, ta karɓe abinta.

Da hankalina ya dawo na fiddo kaye na tambaye ta yadda take yi. Nan fa ta ware. Ta ce sai rana ta yi ƙarfi, daga hantsi zuwa azahar, kuma a kan kwano, ba a kan tabarma ba, don kwano ne ke ɗaukar zafin da ke kashe abin da ke cikin ƙwayar. A baje shi siriri, kada wani ya hau wani. A kwashe shi da zafinsa, a jefa busasshen barkono, a rufe bakin tukunya da tsumma a ɗora faifai. Na yi ta rubutu har shafi uku. Ta leƙa kayen ta ce ashe dai ana koyon wani abu a lakkol ɗin, tunda ga shi na iya rubuta abin da ta faɗa.

Da la'asar Kawu ya dawo daga kasuwa, muka zauna a ƙofar gida yana dafa shayi. Na ce masa Kaka ta yafe, amma aikina na nan a rushe, don babu shaida babu memuwar. Abin da nake bukata, na ce, shi ne wake na gonar Baba, na girbin bana, wanda tun ranar da aka sussuke shi ba wanda ya kula da shi, ba toka, ba rana, ba ko kallo. Ina za a sami irin wannan a ƙasar da kowane gida ke da tsohuwa?

Kawu ya daina fifita gawayi. Ya ture hula gaba ya sosa ƙeya. Ya zuba shayi ya mayar, ya sake zubawa ya mayar, har na ce zai huce. Sai ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko waken da aka manta da shi ma yana shiga lissafi.

Ashe ranar da Baba ya auna mini nawa, ya ɗaure rabin buhu ya ba Kawu ya kai wa Gwaggo, kamar yadda yake yi duk shekara. A hanya taya ta fashe a Tasawa, aka sauke kaya a shagon wani mai faci abokinsa, aka mayar da komai banda buhun. Ya tuna bayan wata ɗaya, kunya ta hana shi ɗaukowa, ya ce sai mako mai zuwa. Mako mai zuwan ne har yau.

Da safe muka tura mota sai Tasawa. Buhun na nan a bayan tsoffin tayoyi. Ina kwance bakinsa ƙwari suka taso mini a fuska, na zura hannu na ɗebo, rabi wake rabi gari, kowace ƙwaya da huji uku ko huɗu. Ban san lokacin da na rungume buhun ba. Mai facin ya dubi Kawu ya tambaye shi a hankali ko karatun ne ya yi mini yawa. Kawu kuwa, da ya ga farin cikina, nan take kunyarsa ta gudu. Kafin mu fita daga gari ya fara gaya wa fasinja cewa da gangan ya ajiye buhun, don ya san lokotoro zai bukace shi. Abu ɗaya ya roƙe ni, kada Gwaggo ta ji.

Wannan kam ban iya yi masa ba. Wata biyar baiwar Allah tana fushi da yayanta a kan laifin da bai yi ba. Na faɗa mata a ranar. Ta yi salati, ta ce a kira mata Baba ta gaishe shi, ta yi ta tambayarsa lafiya har ya fara zargin wani abu ya faru. Da Kawu ya zo mako na gaba, da zabi biyu a hannu, ta bar shi tsaye a bakin ƙofa ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida, ta tambayi mota, ta tambayi tayoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce ya shigo. Shinkafa da wake ta zuba masa. Ya cinye bai ɗaga kai ba.

Malamina na ba shi labarin duka, ban rage komai ba, ina jiran ya ce in sake shekara. Ya cire tabarau, ya dafe goshi, kafaɗunsa suka fara rawa. Ranar na ga haƙoransa. Da ya natsu ya ce in rubuta gaskiyar abin da ya faru: shaidar gaske a shagon faci ta zauna, kuma sau ɗaya aka ƙirga ta, a ƙarshe, don haka kada in faɗi abin da ya fi ƙarfin lissafina. Tukunyar jan tsumma kuma ta tashi daga shaida, ta zama hanya ta huɗu, shanya da barkono. Ya ce in kula da wannan babin sosai, don shi ne kaɗai abin da ban kwafo daga littafi ba.

Makonnin rubutu ban san yadda suka wuce ba. Gwaggo ta kwashe kekenta ta koma zaure don ƙara kada ta dame ni, ta kashe rediyon da ba ta iya ɗinki sai da shi. Matan da ke kawo ɗinki, waɗanda hira ce rabin abin da ke kawo su, ta sa su magana da raɗa. In wata ta manta ta yi dariya sai in ji Gwaggo ta ce shina rubutu. Har yaran unguwa suka ɗauka, in na fito shan iska su ce ga shina rubutu nan.

Ranar kare memuwar na aika a zo da Kaka. Ta ce a gaya wa maigida ta gode, amma ba ta shiga motar nan, ita ta haifi direban, ta san hankalinsa. Kawu da Gwaggo ne suka zo. Gwaggo ta ɗinka mini riga, ita da ba ta taɓa ɗinkin maza ba, wuyan ya ɗan yi faɗi, na sa abina. Kawu ya sha babbar riga ya zauna a layin gaba. Faransancinsa na tasha ne, amma kalmar temuwan ya riƙe ta gam. Duk sanda na ambace ta sai ya waiwaya ya dubi mutane yana gyaɗa kai, ya nuna ƙirjinsa.

Wata malama cikin masu yi mini tambayoyi ta ce a wane littafi na samo hanyar shanya a kan kwano, don ban sa madogara ba. Na ce ba a littafi ba ne, kakata ce. Ta ce to a rubuta hakan a wurin, kamar yadda ake rubuta kowane masani. Suka fita suka yi shawara, suka dawo suka ce na ci. Kawu ya riga kowa yin tafi. Gwaggo ba ta tafa ba, tana ta gyara ɗaurin kallabinta da bai kwance ba.

A farkon kowane memuwar akwai shafin godiya. Nawa na rubuta shi da irin Faransancin da na gani a na waɗanda suka gabace mu, manyan kalmomi masu sheƙi. Da na koma gida da littafin, na zauna gaban Kaka na buɗe shafin, na fara juya mata shi da Hausa. Tun a layi na biyu na ji abin ba ya shiga. Kalmomin da suka yi kyau a takarda sun fito a bakina kamar sanarwar mai gari. Na rufe littafin. Na ce mata na san idonta ba ya gani sosai, na san abin da ƙirgan nan ya ci mata, na kuma san ni ban taɓa tambayar lafiyarta ba sai ta wake. Na ce na gode.

Ta ce in buɗe in nuna mata inda sunanta yake. Na nuna. Ta ɗora yatsa a kai ta daɗe, sannan ta ce gajere ne, na malamin ya fi shi tsawo. Na ce nasa da muƙamai ne. Ta ce to ba komi, Allah shi yi albarka, shi ba ni masu yi mini. Ta ja bakin zane ta share ido, ta ce hayaƙin innata ya cika yawa, alhali ba a ko hura wuta ba.

Kwana biyu da zuwana aka yi ruwan shuka. Gari na wayewa gida ya watse, kowa ya nufi gona, Baba da ya dawo daga cin rani yana gaba. Ba wanda ya tambaye ni takardar gamawa, sungumi aka miƙo mini. Ina sara, innata na bina tana jefa iri tana binnewa da ƙafa. Kaka ta sa aka kai mata tabarma gindin gawo, daga can take ba da umarni. Ta ce ramukana sun yi kusa da juna, na buɗa. Ta ce yanzu sun yi nisa. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo wuri biyu, layina kuma ya karkace ya shiga na Baba. Ta kira ni in zo in sha fura, ta kama hannun ta duba, ta ce a shafa masa man shanu, gobe ma akwai gonar Kawu.